Ku Gina Rumbu Kafin Ƙofa: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ƙungiyar Cigaban Garinmu

Zuwa ga Shugaba da dattawan ƙungiya, da yayyena da ƙannena na gida da na Kano da Kaduna da Abuja da Ikko,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina miƙa godiya a madadin Inna da 'ya'yan marigayi Baffa da mu 'ya'yan ƙannensa. Wanda ya samu jana'iza, da wanda ya zo zaman makoki, da wanda ya bugo waya, da wanda ya aiko da abin sadaka, Allah ya ba kowa lada, ya bar zumunci. Shi kuma Baffa Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan.

A taron da aka yi washegarin Sallah a ƙofar gidan Dagaci, an kawo shawarar a ɗauki kuɗin da aka tara a gina ƙofar gari a bakin titi, a rubuta sunan Baffa a samanta. Na ga yadda mutane suka yi na'am, na kuma san ƙauna ce ta kawo maganar. Ina wurin, amma ban iya buɗe baki ba. Iyayena ne a zaune, kuma ranar ko sunansa aka ambata sai maƙogwarona ya toshe. Da na koma gida na kasa barci. Shi ya sa na zaɓi in rubuta a fili, tun da yawancin masu zuba kuɗin nan ba sa gari, kuma da yawansu abin da suka sani game da shi bai wuce tsoho mai ɗingishi da ake ce wa Soja ba. Roƙona shi ne a dakata da ƙofar nan. Ku ba ni dama in faɗa muku waye mutumin da kuke son karramawa, sannan ku yi hukunci.

Baffa bai san shekarar da aka haife shi ba, amma ya doshi tamanin. Abin da ya riƙe shi ne yana saurayi mai jini a jika lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967. Bayan an gama girbin gero na shekarar, shi da wasu samari suka taka zuwa Ringim, suka hau jirgin ƙasan da ke tasowa daga Nguru, suka sauka Kano. Kakanmu bai sani ba sai da jirgi ya tashi. Daga Kano aka wuce da su Zariya, aka yi musu horon 'yan makonni, aka damƙa musu bindiga. Sojan Nijeriya kafin yaƙin kimanin 10,000 ne, amma lokacin da aka gama sun kai wajen 250,000. Ku tambayi kanku daga ina wannan taro ya fito. Daga irin garuruwanmu ya fito, 'ya'yan manoma ne da suka ajiye fartanya, yawancinsu ko sunansu ba su iya rubutawa da boko ba.

An tura shi runduna ta biyu, wadda Murtala Muhammed ke jagoranta a lokacin, yana cikin waɗanda suka shiga Anaca a watan Maris na 1968. A wajen nan ne ɓaraguzan bam suka shige masa cinya, abin da ya bar masa ɗingishin da kuka sani. Iyakar abin da zan iya ba ku na labarin fagen daga ke nan, domin shi kansa bai cika ba da shi ba. Muna yara mukan kewaye shi da daddare mu ce, "Baffa, mutum nawa ka harbe?" Sai ya ɗaure fuska ya ce mu tashi mu ba akuya ruwa. Ban taɓa jin ya yi alfahari da yaƙin ba, ban kuma taɓa jin ya zagi Inyamurai ba. Akwai wani mai sayar da kayan keke a kasuwar Gujungu, mutumin can ne, duk ranar Lahadi sai Baffa ya tsaya rumfarsa sun gaisa sun daɗe suna hira.

Sau ɗaya tak ya buɗe mini cikinsa. Na riga na fara koyarwa a lokacin, muna ɗaurin dawa a gonar gabas, mu biyu. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai daga yaƙin shi ne rumbunan doya. Mutanen can suna jera doya a kan itace su ɗaure ta layi-layi a bayan gida, ya ce da ka gani ka san aikin shekara guda ne na mutum da iyalinsa. Ya ga irin waɗannan suna cin wuta. Bayan wasu watanni kuma ya ga yaran wurin, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ƙafafu kamar sillen kara. Ya ce, "Ni manomi ne kafin in zama soja. Na san abin da ya haɗa wutar nan da yaran nan." Daga nan ya sunkuya ya ci gaba da ɗauri, bai ƙara ba, ni ma ban ƙara tambaya ba. Duk abin da ya yi a garin nan shekara hamsin bayan yaƙin, ni a wannan maganar nake ganin tushensa.

Yaƙi ya ƙare ranar 15 ga Janairun 1970, amma ba a sallame shi ba sai 1972. An ba shi kuɗin sallama da fam, domin naira ba ta fito ba sai farkon 1973. Abokan tafiyarsa wasu sun zauna birni sun kama gadi, wasu sun sayi rediyo da keke sun ƙara aure, ba laifi suka yi ba, gumin su ne. Shi ya dawo gandun mahaifinsa, ya sayi bijimai biyu da garmar shanu. Bai more su ba. Farin 1973 ya zo, gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ja baya, dole ya sayar da bijiman a wulaƙance ya sayi hatsi ya ciyar da gida. Ana cewa an fara farfaɗowa, sai kuturtar gyaɗa ta 1975 ta share gonaki, daga nan dalar gyaɗar Kano ta kama hanyar zama labari. Manyanmu da ke cikin ƙungiyar nan sun ga wannan da idonsu, ba sai na tuna musu ba.

Tun daga lokacin ya kafa wa kansa doka. Rumbu biyu yake da shi a bayan gida. Ɗaya na ci, ɗaya kuma ba a taɓa shi sai an ga amfanin sabuwar shekara ya shiga hannu. A dami yake zuba geronsa, ba ya sussukawa, yakan ce abin da Annabi Yusufu ya gaya wa mutanen Masar ke nan, a bar hatsi a zangarniyarsa. Ranar girbi tun a gona yake fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, kafin jaki ya ɗauki ko ɗaya zuwa gida. An sha yi masa tsiya a kan rumbun nan. Masu sayen hatsi sukan zo da kaka da kuɗi a hannu, ya ce ba na sayarwa ba ne. Iyalinsa ma sun sha jin haushi, domin akwai shekarun da ake buƙatar kuɗin magani ko na makaranta alhali ga hatsi a ajiye. Ba zan ɓoye muku ba, mutum ne mai taurin kai da saurin faɗa, idan ya ce a'a ko Dagaci sai ya bi shi da lallashi.

Lokacin da fari ya dawo a 1984 aka ga amfanin taurin kan. Ina ɗan firamare a lokacin. Na tuna bayan sallar isha'i Baffa yakan hau rumbu da fitilar ƙwai, ya miƙo dami, ya ce in kai gidan wane, in ajiye a zaure, kada in yi sallama da ƙarfi. Ban fahimci dalilin dare ba sai da na girma. Magidanci yana iya jure yunwa, amma a gan shi da rana tsaka ɗauke da hatsin roƙo, wannan ya fi masa yunwar ciwo. Ba zan ambaci gida ko ɗaya ba har in mutu. Abin da zan ce kawai shi ne cikin masu karanta wasiƙar nan a ofisoshinsu akwai waɗanda tuwon wannan geron ya riƙe su suna goye, kuma iyayensu mata sun sani. Wanda ya samu hali daga baya ya mayar da dami, wanda bai samu ba, ba a taɓa tambayarsa ba.

Haka ya yi da iri. Yana da wani gero mai saurin nuna da ya gada wurin kakanmu, da farar dawa, da wake mai yaɗo. Tun a gona yake zagayawa ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure daban, ya rataye a ɗakin girki inda hayaƙi zai kore ƙwari. Duk shekarar da aka yi shuka ruwa ya ɗauke, shukar ta ƙone, ƙofar gidansa ake zuwa neman na sake shukawa. Bai ƙi sabon abu ba. Lokacin da malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, suka fara zagaya ƙauyuka, muna cikin jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991, yana cikin na farko da suka karɓi takin zamani da sabon irin wake. Sai dai yakan gwada a kunya kaɗan tukuna, shekara biyu, kafin ya yarda. Kuma bai taɓa barin takin gargajiya ba. Da rani jakinsa ba ya hutawa da mangala, ga shi kuma ya hana kowa taɓa gawon da ke gonarsa. Yakan ce itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani ya tara dabbobi a inuwarsa su bar maka taki, wanda ya sare shi bai san abin da yake yi ba. Ku je ku duba, har yau geron da ke gindin gawon nan ya fi na ko'ina tsayi.

Maganar Fulani kuwa, shi ne gadarmu da su. Bayan an kwashe amfanin gona yakan gayyato su su kwana da shanu a gonarsa, su ci kara su bar taki, Inna ta aika musu da tuwo su aiko da nono. Ya san burtalin da ya ratsa ta arewacin gari taku bayan taku. Idan wani ya ci burtali da garma, Baffa ne zai je har gida ya ce masa ya ja da baya, ko da ɗan uwansa ne na jini. Idan shanu suka yi ɓarna, shi ake kira ya kimanta, kuma Ardo ba ya musu da kimarsa domin an san ba ya ƙari. Rigimar iyakar gona ma haka. Sau nawa Dagaci ya aika a kira shi, ya zo da sandarsa ya nuna inda tsohuwar aduwa take a da, ko inda aka dasa gamba tun zamanin kakanni, magana ta mutu a nan ba a kai ga alƙali ba? Wannan ilimin ba a rubuce yake ba. Mun binne kaso mai yawa na shi ranar da muka binne Baffa.

Sauran ayyukansa kun san su. Shi ne kan gaba wajen haƙa kabari har ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya tsara 'yan sintiri lokacin da satar dabbobi ta yi yawa, ya kuma kafa musu sharaɗin cewa wanda aka kama a kai shi gaban hukuma da ransa da lafiyarsa, ba duka. A ambaliyar 2022, da kogin Haɗeja ya cika ya shanye gonaki a ƙasar Ringim, yana zaune a kan kujera a bakin jinga yana nuna wa samari inda za su jera buhunan ƙasa, domin ya san ta inda ruwa ke fara shigowa tun kafin a gina madatsar Tiga a 1974 yanayin kogin ya canza. A ambaliyar ce rumbunsa na biyu ya zauna. Bai samu ƙarfin sake gina shi ba, kuma wannan ya dame shi har kwanciyarsa ta ƙarshe.

Ga dalilin da ya sa nake roƙon a dakata da ƙofa. Dukanmu mun san yadda shekara take juyawa a garin nan. Da kaka manomi yana da bashin taki, ga bikin 'ya, ga kuɗin makaranta, sai ya kai hatsinsa kasuwa lokacin da kowa ke kaiwa, ya sayar da araha. Motoci su kwashe zuwa Dawanau. Idan damina ta yi nisa, wajen watan Yuli da Agusta, rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba, sai ya koma ya sayi irin hatsin da ya sayar da tsada mai tsanani. A lokacin ne magidanci ke barin gonarsa da ciyawa ya tafi ƙwadago gonar wani don ya samo kwanon da za a dafa da daddare, gonar tasa kuma ta ƙi yin kyau, bara ta haifi bana. A lokacin ne nake ganin yara a aji suna kwantar da kai a kan benci tun kafin tara ta yi. Shekara hamsin mutum ɗaya yana toshe wannan ɓaraka gwargwadon ƙarfinsa, da rumbun ƙasa da jinka. Yanzu ba shi.

Kuɗin da zai gina ƙofa zai gina ɗakin ajiya mai kyau a kan tudun da ke bayan makaranta, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba, ya kuma saya masa hatsin farko da kaka lokacin da yake da sauƙi. A samo buhunan nan masu leda biyu a ciki da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, musamman saboda wake. Idan damina ta yi tsakiya a buɗe, a ba mabuƙaci rance ya mayar da kaka, ko a sayar masa a kan farashin da aka saya. A ware wani kaso na marayu da zawarawa da ba za a nemi a mayar ba. Makulli ya zama uku a hannun mutum uku, Liman ya zaɓi ɗaya, Dagaci ɗaya, matan gari su zaɓi tasu, domin su suka fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. A riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk Sallah, amma sunan wanda ya karɓa ya tsaya tsakanin masu makulli. Na san abin da wasu za su ce, cewa kayan jama'a ba ya albarka, za a ci a ƙi biya, za a yi rigima. Tsoron yana da tushe, mun ga yadda wasu abubuwan haɗin gwiwa suka watse a garin nan. Amma ƙofa ma sai an ba wani kwangila, ita ma ana iya rigima a kanta. Gara mu yi wahalar riƙon amana a kan abin da zai shiga cikin yaro.

Ba ƙin ƙofa nake yi ba, ranku ya daɗe. Garuruwan da ke kusa da mu sun gina tasu, kuma ba daɗi baƙo ya wuce garinku bai san ya wuce ba. In Allah ya hore, a gina ta wata shekarar, ni ma zan ba da nawa. Sunan Baffa ne nake roƙon kada a ɗora a kanta. Mutumin da ya ce in ajiye dami a zaure kada in ɗaga murya, ba na jin zai so a rubuta sunansa da fenti a bakin titi.

Akwai abu na biyu, shi ba ya cin kuɗi. Cikin samarin da suka hau jirgi tare da shi, da waɗanda suka bi bayansu, saura mutum biyu a raye a garin nan da ƙauyukan da ke kewaye. Ɗaya idonsa ya tafi. Duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni a Abuja da Dutse, a saki fararen tantabaru, mu kuma mu gani a waya. Waɗannan dattawan biyu ba su taɓa halarta ba, ba kuma wanda ya taɓa zuwa ya zauna ya ce su ba shi labari. Laifin nan namu ne kafin ya zama na kowa, ni da nake kwana gida ɗaya da Baffa ban ɗauki muryarsa ko sau ɗaya ba, ina ta cewa sai an samu lokaci. Muna da ɗalibai a jami'ar Dutse da ta Kafin Hausa da Bayero. A wakilta biyu su je da waya da littafi, da goro da ladabi, su zauna da su. Kada a matsa musu a kan abin da ba sa son faɗa. A rubuta sunayen duk waɗanda suka tafi daga garin nan, da waɗanda ba su dawo ba, har da kakanninmu 'yan Boma da suka yi yaƙin duniya na biyu, tun da sauran masu iya tuna su. A ajiye kwafi a makaranta, a kai wani Gidan Arewa a Kaduna inda ake adana irin waɗannan abubuwa. A tafiyar kuma a duba halin da suke ciki, su da matan waɗanda suka rasu, a ga wanda takardunsa ke buƙatar mai bin sawu a birni. Cikinku akwai masu ido da ƙafa a can.

Haka nan ina roƙon Dagaci, Allah ya ja zamaninsa, ya sa rana kafin ruwa ya sauka, a fita da sauran dattawan da suka san iyakoki, da Ardo da mutanensa, da samari masu rubutu, a taka burtalin nan daga farko har ƙarshe, a dasa alama, a rubuta. Abin da ya rage a kan tsofaffinmu a kwashe shi tun suna iya takawa.

Akwatin ƙarfen Baffa yana wurina. A ciki akwai takardar sallamarsa ta 1972 da ta fara cinyewa ta wajen ninki, da lambar yabo guda, da hoto ɗaya da ya ɗauka da kaki. Duk wanda ƙungiya ta wakilta zai iya zuwa ya gani ya ɗauki hotonsu. 'Ya'yansa sun amince in sanar da ku cewa idan aka yarda da maganar rumbu, dami ashirin na farko daga gonar gabas zai fito, ni kuma zan riƙe littafin lissafi kyauta in an ga na dace, in ba a ga haka ba a ba wanda ya fi ni.

Inna kuma ta ce in faɗa wa masu noma cewa irin geron da ya zaɓa da hannunsa a kakar bara yana nan rataye a ɗakin girki. Ta ce ya fi ƙarfin gonar gida, mai so ya zo ya karɓa kafin ruwan shuka.

Wassalam.

Naku,
Ɗan ƙanen marigayi, malami a makarantar firamaren garinmu.